Motar da Ta Ƙi Barin Kumasi

A garejojin Suame, a bakin garin Kumasi, a wancan zamani, makanike da kunne yake aiki. Ya dafa bakin sukundireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi, sannan ya ɗago ya faɗi cutar. In ya dace a ce gwani ne. In bai dace ba a ce motar ce mai taurin kai.

Masta Wahabu ne kaɗai ya fita daga wannan sahu. Shi akwati gare shi, na katako, mai maɗauri biyu, wanda ya saya a gwanjo lokacin da wani garejin Turawa ya rufe. A ciki akwai geji biyu masu fuska irin ta agogo, da wata 'yar fitila mai waya. Geji na farko a ramin fulogi ake ɗaura shi, ya nuna ko inji yana da sauran ƙarfi. Na biyu dogon tiyo gare shi: in abu na turowa ta tiyon, allura ta yi dama, in abu na zuƙa, ta yi hagu. Fitilar kuwa ta bin sawun wuta ce. Kafin ya buɗe akwatin sai ya wanke hannu, abin da matarsa Humu ta ce ba ya yi wa tuwonta sai an tuna masa.

Makanikan da ke kewaye da shi suna kiransa Dokta, kuma ba don girmamawa ba. Shi dai yana amsawa, yana ma gyara tsayuwa.

A watan Nuwamba na 1969, ana cikin azumi, aka faɗa a rediyo cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya nemo ta, ko ya bar ƙasar cikin mako biyu. Mu mutanen Zango sai da muka ɓata kwanakin farko muna gardama a kan wane ne baƙo, kowa yana nuna wanda ya zo bayansa. Da muka gama gardamar, lokaci ya ci rabi.

Dokar ba ta shafi Wahabu ba. A Kumasi aka haife shi, mahaifinsa kuma Badagombe ne daga Yendi. Amma ta shafi Alhaji Boukari, dillalin goro, wanda a gidansa mahaifin Wahabu ya sauka ya yi haya har ya rasu, a tsakar gidansa kuma Wahabu ya yi rarrafe. Alhaji mutumin wajen Dosso ne a Nijar. Ya shigo Kumasi yana saurayi, a ƙasa, bayan jakunan wani. Takarda kuwa bai taɓa riƙewa ba, don ba wanda ya taɓa tambayarsa. Da aka ba shi labarin layin masu neman takardar a Ankara, babban birnin ƙasar, ya saurara har ƙarshe, ya kaɗa kai.

"Ba zan tsaya a layi ina roƙo ba," in ji shi. "Ba kuma zan zauna a zo a loda ni a bayan motar hukuma kamar buhun gawayi ba. Da ƙafata na shigo garin nan. A motata zan fita, ina zaune a gaba."

Motar tana nan, tsohuwar lori mai akwatin katako, wadda ta yi shekaru tana kwaso goro daga ƙauyukan Asante ba ta taɓa kwana a hanya ba. Direbanta Dramani, dogo, mutumin Tumu, shi ma dokar ba ta shafe shi ba, amma ya ce ko bangon duniya ne zai kai maigidansa.

Aka sayar da abin da ya sayu, aka rabar da saura. Ran tafiya bayan sallar asuba unguwa ta cika ƙofar gida. Aka yi kuka na gaske, aka yafi juna, liman ya yi doguwar addu'a. Hajiya Mamuna, matar Alhaji, ta hau baya da 'ya'ya da surukai da jikoki, a kan katifu. Alhaji ya zauna a gaba da farin rawani. Mota ta tashi.

Kafin azahar sai ga ta ta dawo.

Ba abin da ya fi wuya a Zango irin karɓar mutumin da ka gama kukan rabuwa da shi da safe. Maƙwabciyar da aka bar wa turmi ta yi sauri ta shige da shi ɗaki. Wanda ya karɓi kujerun zaure ya fito da ɗaya ya ara wa Alhaji ya zauna. Aka aika a kira Wahabu.

"Masta, mota ya mutu," in ji Dramani. Shi a bakinsa mota da mace da tukunya duk "ya" ne. "Mun wuce Suame lafiya. Can gaba ya fara tari, ya mutu. Na sauka, na duba mai, mai ya cika. Na buga, ya tashi. Mun yi gaba kaɗan, ya mutu kuma. Haka, haka, ko Offinso ba mu gani ba. Alhaji ya ce mu juya."

"Da can tana yi?"

"Ba ya yi koraa, ko kaɗan. Wannan tafiya ne ya fara."

Wahabu ya wanke hannu ya buɗe akwati. Rabin mutanen da suka zo ban kwana ba su watse ba, suka matso kallo. Ya kwance fulogai, ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da geji na farko, Dramani yana buga mota, shi kuma yana faɗar abin da allura ta nuna da ƙarfi, kamar akwai wanda ya san ma'anarsa. Inji lafiya lau. Ya bi wayoyi da fitila, wuta tana zuwa inda ya kamata. Ya ɗaura geji na biyu a bayan famfon mai, allura ta yi dama ta tsaya cak. Famfo ma lafiya.

A nan ya fara jin zafin rana. Mota ta mutu a gaban shaidu, akwati kuma ya ce ba ta da komai.

Ya ce to datti ne a hanyar mai. Ya zagaya wajen tanki, wanda ke rataye a gefe ƙarƙashin akwatin katako, ya zare murfin. Murfi ne mai kyau, toshiyar itace da aka naɗe da robar tayar ciki, aka lulluɓe da jar fata, har da ɗinkin ado. Sai da ya sa hannu biyu kafin ya fito.

"Kai, wannan aiki ya yi kyau," in ji Wahabu, ya miƙa wa Dramani ya riƙe.

Ya kwance bututun mai ya sa baki ya hura, ya ji tanki yana ɓuɓɓuga. Nan take gardama ta tashi a bayansa a kan ko fetur na karya azumi. Wani ya ce in bai wuce maƙogwaro ba, ba komai. Wani ya ce ai warinsa ma abinci ne ga makanike. Wahabu ya tofar, ya wanke kafireto tas, ya mayar. Sannan ya yi abin da kullum yake zagin makanikan Suame a kai: ya canza kwal ɗin wuta, ba don geji ya ce ba, don dai a ga ya canza wani abu. Dramani ya zaga da motar har unguwar Oforikrom ya dawo, tana ta gurnani kamar sabuwa.

"Baba, an gama," in ji Wahabu. "Gobe sai Nijar."

"Ka tabbata, Wahabu?"

"Akwatin nan ba ya ƙarya, Baba."

Washegari aka sake cika tanki har baki, aka sake ban kwana. Kukan ya ragu, addu'ar liman ma ta gajarta. Mota ta tashi.

Da hantsi ta dawo.

Wannan karon Alhaji bai sauko nan da nan ba. Ya zauna a gaban motar yana kallon ƙofar gidan da ya riga ya sayar. Da ya sauko ya wuce zaure, ba kujera, ya shimfiɗa buzu a ƙasa. Wahabu ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Jibi wa'adi ke cika," in ji tsohon, a hankali. "Na tura a tambayo a tasha. Ba mota, ko saman kaya an sayar. Ba na ce laifinka ba ne. Amma in gobe ba mu fita ba, a nan za su zo su same ni zaune."

Da ya yi faɗa da ya fi sauƙi.

A waje kuwa kowa ya zama likita. Masu cewa asiri ne suna yi, masu cewa motar ce ta saba da Kumasi ba ta son Nijar suna yi. Masta Iliasu, maƙwabcin garejin Wahabu, ya iso da doguwar sukundirebarsa a aljihun baya, ya manna kunne a injin, ya lumshe ido, ya daɗe.

"Dokta, ni dai ban ji komai ba."

"Ni ma ban ga komai ba."

"To ka gani. Ni kuma ban je gwanjo ba."

Aka yi dariya. Wahabu ma ya yi, ta saman leɓe. Ya sake bin komai daga farko har la'asar ta yi sanyi, kowane geji ya sake gaya masa abin da ya gaya masa jiya.

A gida Humu tana ta haramar buɗa-baki, tana kwashe ƙosai daga mai. Ta dube shi, ta dubi akwatin da ya ajiye a kan tabarma maimakon ƙasa.

"Yau ma lafiyarta ƙalau?"

"Ƙalau."

"Madalla. Sai a gaya wa Hajiya ta kwantar da hankali, mota lafiya, tafiya ce kawai ba ta yi."

"Humu, ina azumi."

"Ni ma shi nake. Tambaya ce da ni, Masta. Ita motar a hanya take mutuwa, kai kuma da agogonka kullum a ƙofar gida kuke. Shi agogon tsoron hanya yake, ko kai ne?"

Wahabu ya jawo akwatin ya buɗe. Ya zauna yana kallon tiyon geji na biyu, wanda bai fi kamu huɗu ba. Ladan na kiran salla ya kurɓi koko a tsaye, ya yi magariba, ya fita neman tiyo mai tsawo. Daga baya, duk sanda ya ba da labarin nan, cewa yake dabarar a masallaci ta zo masa.

Ban kwana na uku mutum biyar ne suka fito, ciki har da mai turmi. Da motar ta tashi wani tsoho ya ɗaga hannu ya ce, "Sai an jima, Alhaji." Ba da mugunta ya faɗa ba, bakinsa ne ya riga shi.

Wahabu yana zaune a tsakiya, Dramani a dama da sitiyari, Alhaji a hagu wajen taga. Ya haɗa geji a bayan famfon mai, ya biyo da dogon tiyo ta ƙarƙashin bonet, ya shigo da shi ta taga, ya ɗora gejin a cinya ya riƙe da hannu biyu kamar mai kai ƙwai kasuwa. Suka ratsa Kejetia, suka hau hanyar arewa. Da suka zo Suame makanikai suna buɗe rumfuna. Iliasu ya hango shi ya yi ihu, "Dokta! Kai ma an kore ka ne?" Wahabu bai ɗago ba.

Hanyar cike take. Loroli da kaya har sama, mutane a kan kayan, wasu a ƙasa da ƙunshi a ka. Idon Wahabu na kan geji. Allura tana dama, a tsaye.

Bayan sun bar gidajen gari sai ta fara sauka. Ba faɗuwa ta yi ba, zamewa take kaɗan-kaɗan, inji kuma yana ta aikinsa bai san komai ba.

"Za ta mutu," in ji Wahabu.

"Bai yi tari ba tukuna," in ji Dramani.

"Za ta yi. Nemi gefe."

Bai rufe baki ba motar ta yi tari, ta sake yi, ta mutu. Dramani ya gangara da ita gefen hanya. Alhaji ya juyo ya dubi gejin, karo na farko tun da aka sayo shi.

"Abin nan ya sani kafin ta yi?"

"Ya sani, Baba. Mai ne ke yanke mata. Saura mu san inda yake tsayawa."

Dramani ya riga ya sauka da sandarsa. Gejin mai na motar ya mutu tun zamanin da ba a tunawa, saboda haka da sanda yake awo: ya zare murfi, ya tsoma, ya duba, ya mayar. Ya dawo yana nuna sandar a jiƙe.

"Ya cika, Masta. Kullum haka."

Wahabu ya cire tiyon daga bayan famfo ya mayar da shi gabansa, tsakanin famfo da tanki. Aka buga, ta tashi kamar ba ita ba. Suka ci gaba.

Yanzu allurar hagu take tafiya. Da fari tana kusa da tsakiya, sai ta riƙa rarrafawa. Wahabu yana kallo yana lissafi a zuci. Da datti ne ya toshe bututu, da tun tashin farko za ta yi hagu. Wannan kuwa taruwa yake, kamar wani ne a can baya yake riƙe man, yana ƙara ƙarfi da kowane mil. Gumi ya jiƙa masa riga. Daga baya ana jin jariri yana kuka, Hajiya Mamuna tana rarrashi.

A wani ɗan hawa, tsakanin gonakin koko, ta sake mutuwa. Dramani ya ja burki ya kai hannu ga sanda.

"Tsaya," in ji Wahabu. "Kada ka taɓa komai."

Inji a kashe, famfo a tsaye, ba abin da ke motsi a motar. Amma allura tana can hagu, ta ƙi dawowa. Wani abu yana zuƙa har yanzu, kuma abu ɗaya ne ya rage a ƙarshen wannan bututu.

"Dramani, je ka yi awonka. Yadda ka saba. Amma ka gaya mini lokacin da za ka zare."

Dramani ya zagaya. "Zan zare, Masta!"

Aka ji wani dogon tsaki, fuuu, daga gefen motar. A cinyar Wahabu allura ta koma tsakiya ta kwanta.

Ya daɗe yana kallonta. Abin da ya fara zuwa masa ba murna ba ce. Tunawa ya yi shekaranjiya ya riƙe murfin nan da hannunsa biyu, ya yaba ɗinkinsa. Sannan murnar ta zo, ta cika masa ƙirji har ya ji kamar ya tsaya a kan bonet ya yi kiran salla. Ya leƙa ta taga. Ba kowa a hanyar sai wata mata da itace a ka da akuya biyu. Duk Suame, da Iliasu da sukundirebarsa, suna can baya.

Suka sauka. Wahabu ya karɓi murfin ya juya shi, ya rage murya.

"Dramani, wannan ƙarar, kullum kana jin ta?"

"Kullum. Na gaya wa Alhaji. Ya ce mai ne yana so ya gudu, ya ƙara roba."

"Baba, yaushe aka yi murfin nan?"

"Ni na sa aka yi, saboda tafiyar nan," in ji Alhaji. "Da can tsumma ne a naɗe da guntun itace, kana wucewa kana jin wari. Wari kuwa man ne ke fita. Hanya da nisa, ba mu san inda za mu sami wani ba. Na kira baduku na tsaya a kansa har ya gama." Ya gyara rawani. "Shekara hamsin ina naɗa huhun goro, Wahabu. Abin da kake so ya kai inda za shi, ka hana shi iska. Ban taɓa aika huhu Kano ya isa a bushe ba."

"Haka ne, Baba. Goronka ba ya bushewa, duk Zango an sani."

"To?"

Wahabu ba zai iya ce masa ya yi kuskure kai tsaye ba. Mutumin nan shi ya raɗa masa suna. Ya waiga, ya hango butar alwalar Alhaji a rataye a jikin mota, ya kwanto ta.

"Baba, zuba ruwa kaɗan."

Alhaji ya karkata buta, ruwa ya zubo ta hanci.

"Yanzu rufe bakin na sama da tafin hannunka. Danne sosai. Zuba."

Ruwan ya zubo, ya rage, ya yi ɗis-ɗis, ya tsaya. Alhaji ya ƙara karkatawa. Ba komai. Ya ɗaga tafinsa, ruwa ya tsinke ya jiƙa masa takalmi.

"In mai ya fita, dole iska ta shiga ta zauna a wurinsa," in ji Wahabu. "Tsumman nan na da yana barin ta. Wannan ba ya bari. Famfo yana ja, tanki yana ja, har famfo ya gaji. Duk sanda Dramani ya zare don awo, sai iska ta shiga, motar ta tashi. Ƙarar nan ba mai ne ke fita ba, iska ce ke shiga. Shi ya sa a ƙofar gida ba ta taɓa nuna mini ba, ba ta yin nisan da zai taru."

Alhaji ya sake rufe butar, ya sake zubawa, ya sake buɗewa. Ya yi haka har ruwan ya kusa ƙarewa.

Daga saman kaya Hajiya Mamuna ta leƙo. "Wai me aka gano ne? Yara sun gaji."

"Hajiya, 'yar matsala ce a wajen tanki," in ji Wahabu da sauri. "Irin wadda kowace mota..."

"Ni ne," in ji Alhaji, da muryar da yake ciniki da ita a kasuwa. "Na naɗe tanki kamar huhu, na hana motar numfashi."

"Ai na sani da hannunka a ciki," in ji Hajiya, "tun da na ji kun rage murya."

Surukai suka sunkuyar da kai cikin mayafi, kafaɗunsu na rawa. Dramani ya juya baya yana duba tayar da ba abin da ya same ta.

Wahabu ya zaro ƙusa daga jikin akwatin motar, ya ɗauko guduma. Alhaji ya miƙo hannu.

"Kawo. Ni na rufe."

Ya ɗora murfin a kan dutse, ya saita ƙusar a tsakiyar adon, ya buga har ta ɓulla, ya zare. Ya ɗaga murfin sama ya leƙa rana ta hujin da ido ɗaya.

"Bai yi girma ba? Mai zai gudu ta nan."

"Kaɗan zai gudu, Baba. Sauran zai kai ka gida."

"Allah ya sa."

Wahabu ya yi niyyar sauka a Offinso. Da suka iso allura tana tsakiya ba ta ko motsi, amma ya ce bari a ƙara gaba a gani. Offinso ta wuce. Dramani ya fara waƙa da yarensu ƙasa-ƙasa, ya tuna azumi ake, ya mayar da ita salati. A kowane hawa Alhaji sai ya karkato ya dubi gejin.

"Yaya?"

"Tana nan, Baba."

Can gaba ya daina tambaya. Ya jingina, ya ɗora gwiwar hannu a taga, ya gyara zaman rawaninsa. Duk motar da suka wuce a tsaye a gefen hanya, da mutanenta zube a inuwa, sai ya sa Dramani ya rage gudu, ya leƙa ya ce, "Sannunku! Ku duba murfin tanki!"

A Techiman suka tsaya sallar azahar. Wahabu ya cire tiyonsa, ya mayar da bututu, ya ɗaure da kyau, ya sa Dramani ya buga ya leƙa ko akwai yoyo. Babu. Ya goge gejin da gefen rigarsa ya mayar akwati. Ba sauran dalilin da zai hana shi sauka.

Hajiya ta miƙo masa ƙunshin dabino ta ce na Humu ne, kada ya buɗe a hanya, ta san hali. Alhaji ya riƙe hannunsa bai saki ba.

"Akwai yarana biyu a maƙabartar Tafo, kusa da mahaifinka. Ka san wurin."

"Na sani, Baba."

"In ka je gaishe shi, ka matsa kaɗan."

"In sha Allahu."

"To. Allah ya yi maka albarka, kai da akwatinka."

Ya hau ya zauna a gaba, ya rufe ƙofa da kansa. Motar ta fita daga tasha ta kama hanyar Kintampo. Wahabu ya tsaya da akwati a hammata har ta sha kwana, sannan ya tafi neman motar Kumasi. Motocin da ke komawa kudu ba kowa a cikinsu, shi kaɗai ya zauna a bayan wata lori, yana ta ba kwandasta labarin da bai tambaya ba.

A Suame ba wanda ya yarda. Iliasu ya ce wa ya sani, wataƙila suna can Kintampo a ƙarƙashin bishiya. Wahabu ba shi da shaida, kuma bai faɗi maganar murfi ba. Cewa kawai yake an gano, an gyara. Aka yi ƙaramar salla, gidaje da yawa a Zango a rufe. Shekara ta juya.

Ana saura kwanaki babbar salla, yana kwance ƙarƙashin wata tasi, sai ya ga dogayen ƙafafu sun tsaya a gefensa.

"Masta!"

Ya turo kansa waje. Dramani ne, ya rame, ya yi baƙi, yana dariya.

"Kun kai?"

"Mun kai. Bai mutu ba ko sau ɗaya. Taya ne kawai ya..."

"Tsaya." Wahabu ya miƙe, ya leƙa rumfar maƙwabta. "Iliasu! Ajiye gudumar nan ka zo ka gaisa da baƙo. Ku ma ku zo." Sai da suka taru, ya jawo wa Dramani benci. "To, fara daga Techiman. Kada ka yi sauri."

Dramani ya ba su labarin layin kan iyaka, da ƙasar Mosi, da inda suka yi sallar idi a gefen hanya, da jirgin da ya haye da su kogi. Ya ce da suka hango garin su Alhaji, can bayan Dosso, tsohon ya sa aka tsaya. Aka wanke motar da ruwan da ya rage, ya canza riga, ya naɗa sabon rawani.

"Ya ce in sa giya ɗaya, in danna oda, kada in saki. Haka muka shiga, a hankali, yara suna bi. Mun tsaya a wani ƙofa. Wani tsohuwa ya fito da sanda, yayar Alhaji ne, ido bai gani sosai. Bai gane shi ba. Ya taɓa mota, ya taɓa fitila, ya ce, wannan motar gwamnati ne ya kawo ku?"

"Sai Alhaji ya ce me?" in ji Iliasu, wanda ya manta shi ba ya cikin masu yarda.

"Bai sauka ba tukuna. Ya leƙo ta taga, ya ce, Ajara, ni ne Boukari. Motar tawa ce."